Kyamara, gilashin VR da yaro mai koyon wasan takobi: tambayoyi da amsoshi

Tun da waya mai ɗaukar bidiyo ta shiga aljihun kowa, gilashin VR kuma ya sauko daga farashin da sai wane da wane, iyaye da masu horar da yara wasan takobi suke ta maimaita wasu tambayoyi. Ga su nan an tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

Me ake nufi da fasahar gani da ta VR a horon wasan takobi?

Abubuwa uku ne mabambanta da ake yawan cusawa a buhu ɗaya. Na farko bidiyo: a ɗauki yaro yana wasa, a rage gudun hoton, a duba abin da jikinsa ya yi. Na biyu fitilu da allunan suka masu lantarki, waɗanda wuta ke kamawa a jikinsu yaro ya kai hannu, na'ura ta auna saurinsa. Na uku shi ne VR, gilashin da ake ɗaurawa a ka ya rufe ido ruf, mutum ya tsinci kansa tsaye gaban abokin karawar da kwamfuta ta ƙera ko wanda aka ɗauka da kyamara.

Amfaninsu ba ɗaya ba ne, hujjar da ke bayan kowanne ma ba ɗaya ba ce. Bidiyo ya daɗe da cin jarrabawa. VR har yanzu yana kan gwaji.

Me ya sa wannan wasa yake buƙatar kyamara fiye da sauran wasanni?

Saboda ido ba ya iya bin sa. Takubban wasan iri uku ne: fulore, wanda ake suka da tsininsa a gangar jiki kawai, efe, wanda duk jiki halal ne daga ka har tafin ƙafa, da sabar, wanda ake sara da suka daga ƙugu zuwa sama. A efe, idan mutum biyu suka soki juna, na'urar ƙidaya tana ba wa kowa maki ne kawai idan tazarar sukan biyu ba ta wuce milisakan 40 zuwa 50 ba (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan), wato kusan kashi ɗaya cikin 25 na sakan. A sabar na'urar tana daina karɓar suka ta biyu bayan milisakan 170, a fulore bayan kusan 300. Mutum kuwa, kafin ya ga abu ya motsa hannu, milisakan 200 sun shuɗe ko fiye.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. Ita ta sa aka shigo da na'urar ƙidaya ta lantarki a efe a gasar Olamfik ta 1936, a fulore a tsakiyar shekarun 1950, a sabar a 1988. Kyamara ci gaban wannan tafiya ce kawai. Na'urar ƙidaya tana faɗin wanda ya riga suka, kyamara kuma tana nuna yadda aka yi ya riga.

Wayar hannu ta isa, ko sai an sayi kayan aiki na musamman?

Ta isa, har ta yi yawa ga mai shekara goma. Abin dubawa shi ne yawan hotunan da take ɗauka a sakan guda. Bidiyo na yau da kullum yana ɗaukar 30, wato tsakanin hoto da hoto akwai kusan milisakan 33, kusan duk tazarar da ke raba nasara da faɗuwa a efe ke nan ta faɗa cikin rami ɗaya. Idan aka kunna ɗaukar sannu-sannu mai hoto 240 a sakan, wannan tazara za ta bazu a kan hotuna kusan goma. Wayoyi da yawa suna da 120 ko 240.

A kafa wayar a kan sanda mai ƙafa uku, a gefen fage, daidai tsayin ƙugun yaro, ta yadda 'yan wasan biyu za su fito daga ka zuwa ƙafa. Kada a riƙe ta a hannu ana bin yaro, domin idan kyamara tana tafiya ba a iya gane wanda ya rage tazara. Ɗaukar sannu-sannu tana cin haske sosai, kuma tsofaffin dogayen fitilu suna sa hoton ya riƙa ƙifce-ƙifce, saboda haka kusa da taga ko hasken rana ya fi. Domin zana layi a kan hoto da auna kusurwar gwiwa, akwai Kinovea, manhajar kyauta ta kwamfuta. Dartfish ta ƙasar Suwizalan ta fi ta kayan aiki amma ta kuɗi ce, kuma ƙungiyar yara ba ta da buƙatarta.

To me koci yake nema a cikin bidiyon, kuma sau nawa ya kamata a nuna wa yaro?

A ɗauki kuskuren da ya fi yawa a wurin masu koyo. Ƙa'ida ita ce hannu ya fara miƙewa kafin ƙafar gaba ta tashi. Yaro zai rantse haka yake yi. Koci ya faɗa sau goma, bai ji ba. Sai a tsayar da hoton a daidai lokacin da diddigen ƙafar gaba ta bar ƙasa, a nuna masa gwiwar hannunsa har yanzu a lanƙwashe, tsinin takobi yana kallon rufin ɗaki. A matsa hoto uku gaba, ga kafaɗa ta ɗaga, ga gwiwar ƙafa ta karkata ciki maimakon ta bi saitin yatsu. Gani ya kori ji. A fulore da sabar wannan ba kwalliya ba ce, domin alƙali yana duba wanda ya fara farmaki bisa ƙa'ida kafin ya ba da maki idan fitilun na'urar ƙidaya na 'yan wasan biyu suka kama tare.

Sai dai akwai tarko. Masu nazarin yadda jiki ke koyon motsi sun daɗe da lura cewa wanda ake gyara wa bayan kowane yunƙuri yana burgewa a ranar horo, amma idan aka janye gyaran sai ya rikice, domin bai koyi jin kuskurensa a jikinsa ba. Yaron da ke rugawa wurin waya bayan kowace suka ya kamu da wannan. Shawarata: abu ɗaya tak ake gyarawa a rana, a nuna gajeren bidiyo bayan yunƙuri takwas ko goma, kuma kafin a kunna a tambaye shi, "Me kake jin ka yi?" Idan amsarsa ta fara dacewa da abin da hoton ya nuna, aikin kyamara ya kusa ƙarewa a kan wannan kuskuren. A kuma riƙa nuna masa wanda ya yi daidai, kada wayar ta zama abin tsoro.

Na ga bidiyon gasa inda tsinin takobi yake zana layi mai launi a iska. Shi ma kayan horo ne?

Wannan aikin Japan ne. Yuki Ota, wanda ya ci azurfa a fulore a Olamfik ta Beijin a 2008, ya zama zakaran duniya a 2015, daga baya ya shugabanci hukumar wasan ta ƙasarsa, shi ya haɗa kai da kamfanonin Rhizomatiks da Dentsu Lab Tokyo domin a sa 'yan kallo su ga abin da ke faruwa. Da farko sai an manna wata alama a tsinin takobi kafin kyamara ta bi shi. Daga baya aka horar da kwamfuta ta gane tsinin da kanta daga hotunan kyamarori masu yawa, aka kuma yi amfani da tsarin a Olamfik ta Tokiyo da aka yi a 2021.

Don 'yan kallo aka ƙera shi, kuma ya fi ƙarfin ƙungiyar unguwa. Amma yara suna ƙaruwa da kallonsa: layin yana nuna ƙanƙantar da'irar da gwani yake yi idan zai zagaye takobin abokin karawa, alhali mai koyo yana buɗe hannu gaba ɗaya.

Shi kuma VR, me yake koyarwa?

Ido da yanke shawara. Tun da farmaki ya fi saurin mayar da martani, kamar yadda lissafin da ke amsa ta biyu ya nuna, gwani ba ya jiran ya ga takobi ya taho. Yana karanta alamun da ke gaban farmakin. Wani bincike da Norbert Hagemann da abokan aikinsa suka yi a Jamus, aka buga a 2010, ya nuna wa 'yan wasa bidiyon farmaki, ana yanke shi kafin suka ta sauka, ana tambayarsu inda za ta faɗa. Gwanaye sun fi cinka daidai, idonsu kuma ya fi zama a saman gangar jikin abokin karawa. Da aka rufe wannan ɓangare a hoton, cinkarsu ta ragu. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da fagen dambe ya san wannan: ɗan damben kirki ƙirji da kafaɗa yake kallo, ba dunƙulen da aka naɗe ba.

A nan VR yake da abin bayarwa. Abokin karawa yana tsaye a gabanka da cikakken tsayinsa, kana ganin zurfin tazara, ana iya maimaita farmaki iri ɗaya sau hamsin ba tare da ya gaji ba, ana iya rage gudunsa, ana iya ɓatar da shi ana tsakiyar motsi a ce ka zaɓi kariya. Ana iya kawo maka bahago, wanda a ƙaramar ƙungiya sai a shekara ba a kara da shi ba.

Akwai hujjar cewa abin da aka koya a gilashi yana bin yaro zuwa fage?

Hujjar da ta fi ƙarfi daga wasu wasanni ta fito. A 2017 Rob Gray ya buga sakamakon gwajin da ya yi a Amurka da 'yan wasan besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda) 80 na makarantar sakandare, na tsawon mako shida. Waɗanda suka yi horo a na'urar kwaikwayo mai ƙara wuya gwargwadon ƙwazon ɗan wasa sun fi sauran rukunai ci gaba a fili na gaske. Waɗanda na'urar ta yi ta jefo musu abu iri ɗaya ba su samu wannan fifiko ba. A 2019 wani gwaji a Ostireliya ya nuna masu koyon ƙwallon tebur sun ƙaru bayan horon VR, idan aka kwatanta su da waɗanda ba su yi horon komai ba. A Magdeburg ta Jamus ma an gwada shi a kan matasan 'yan karate, aka ga saurin martaninsu ga farmakin kwaikwayo ya inganta.

Darasi biyu ke nan. Ba gilashin ne ke koyarwa ba, tsarin horon da aka zuba a ciki ne. Sannan fin wanda bai yi komai ba daban, fin wanda ya yi wannan lokaci a gaban koci daban. Duk mai tallar da ya ce muku na'urarsa za ta maye gurbin darasi, ku nemi ya nuna gwajin da aka yi da yara 'yan wasan takobi a fage na gaske.

Me VR ba zai iya koyarwa ba?

Abu uku, kuma su ne ƙashin bayan wasan. Na farko jin ƙarfe a hannu. Idan takobi biyu suka haɗu, yatsu suna karanta abin da ido bai gani ba: ko abokin karawa yana danna da ƙarfi, ko hannunsa sako-sako ne, ko yana shirin zamewa. Rimot ɗin VR yana ɗan girgiza ne kawai, hannunka kuma ya wuce ta cikin iska ba abin da ya tare shi. Nauyi ma ba ɗaya ba: fulore na manya yana iya kaiwa kusa da giram 500, efe kusa da 770, da ruwan takobi mai tsawon santimita 90 a gaban hannu, rimot kuwa bai kai giram 200 ba kuma duk nauyinsa a tafin hannu yake. Maɓallin tsinin fulore sai an danna shi da nauyin da ya wuce giram 500 kafin wuta ta kama, na efe 750. Yaron da ya saba shafar iska yana samun maki zai zo fage yana taɓa rigar abokin karawa fitila ta ƙi kamawa.

Na biyu tazara. Fagen wasa mita 14 ne a tsawo, faɗinsa mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Wurin da ake warewa a ɗaki domin VR yawanci mita biyu ne a kan biyu. Taku biyu da zabura ɗaya, ka isa bango. Wasan takobi kuwa rabinsa a ƙafa yake: ka ja baya ka janyo mutum, ka yi gajeren taku ka yaudare shi, ka faɗa masa a lokacin da nauyinsa yake kan ƙafar da ba za ta iya gudu ba. Yaron da ya daɗe a cikin gilashi yakan koyi tsayawa cak yana wasa da hannu, kuma cire wannan ɗabi'a aiki ne ja.

Na uku mutum. Abokin karawa na gaske yana tsoro, yana fushi, yana lura da abin da ka yi ɗazu ya ɗana maka tarko a kansa. Suka kuma tana da ɗan zafi ko da an sa riga, kuma koyon tsayawa da natsuwa duk da wannan zafi wani ɓangare ne na horo da ba a samunsa inda babu abin da zai taɓa ka.

Ɗana yana buga wasannin takobi na VR a gida. Suna ƙara masa wani abu?

Suna ƙara masa sha'awa da motsa jiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada a yi wa rogo kallon kitse. Yawancinsu an gina su ne a kan manyan sara daga kafaɗa, wasan gaske kuwa na yatsu ne da wuyan hannu. Idan koci ya fara ƙorafin cewa kariyar yaron ta yi faɗi, a rage.

Daga shekara nawa ya dace yaro ya sa gilashin, kuma na tsawon wane lokaci?

Kamfanin Meta, mai gilashin Quest, ya daɗe yana cewa shekara 13, sai a 2023 ya sauko zuwa 10 bisa sharaɗin iyaye ne ke riƙe da asusun. Sony ya ce gilashinsa na PlayStation ba na 'yan ƙasa da shekara 12 ba ne. Akwai dalilai na zahiri. An ƙera gilashin ne da kan manya: a Quest 2, mafi ƙarancin tazarar da ake iya saitawa tsakanin madubai biyun milimita 58 ce, idanun yara da yawa kuwa sun fi haka kusanci, sai hoton ya yi dishi-dishi. Ido kuma yana shan wata wahala da ba ya sha a waje, domin yana saita gani a kan nisa guda da ba ya canzawa alhali abin da yake kallo yana matsowa yana ja da baya.

A nawa ganin minti goma zuwa goma sha biyar sun isa a zama ɗaya, da babba a tsaye kusa. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko yaro ya riƙa murza ido, a cire nan take, kuma kada a ba shi takobi sai ya dawo daidai. Mai farfaɗiya ko matsalar ido sai da izinin likita. Soson da ke manne da fuska yana shan gumi, a goge shi kafin wani ya sa.

Za a iya riƙe takobin gaske ana sanye da gilashi, tunda sababbi suna nuna ɗakin ta kyamara?

A'a, muddin akwai wani mutum a kusa. Gilashin ba ya shiga ƙarƙashin kwalkwalin raga, kuma ba a tsayawa gaban takobi babu kwalkwali ko na sakan ɗaya. A watan Yulin 1982, a gasar duniya a birnin Rum na Italiya, takobi ya karye ya ratsa kwalkwalin Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, zakaran Olamfik na 1980, ya rasu bayan 'yan kwanaki. Tsauraran ƙa'idojin yau, na irin ƙarfen da ake ƙera takobi da shi da ƙarfin riga da kwalkwali, bayan wannan mutuwa aka ƙarfafa su. Babu wata fasaha da ta kai a sassauta su dominta.

Fitilun auna sauri fa?

Yara suna son su, suna kuma da kyau wajen ɗumama jiki da saita tsini. Kamfanin Favero na Italiya yana ƙera allon suka irin wannan. Sai dai fitila ba ta da kafaɗa ko ƙirji, ba ta ba da wata alama kafin ta kama, saboda haka ba ta koyar da karatun jiki da aka yi bayani a amsar abin da VR yake koyarwa. Lambar da take nunawa ta saurin taɓa fitila ce, ba ta iya wasa ba.

Ƙungiyarmu ba ta da ƙarfi. Da me za mu fara?

Da kwalkwali da riga da safar hannu masu kyau, da takubba daidai tsawon yara, sannan na'urar ƙidaya, sannan sanda mai ƙafa uku domin wayar koci. Gilashi shi ne na ƙarshe, idan an samu rara. Kuɗinsa, idan aka kashe su wajen tura koci ƙarin horo ko kai yara su kara da wata ƙungiya, sun fi dawowa da riba.

Wannan tambaya ta shafi nahiyarmu kai tsaye. Alaaeldin Abouelkassem na Masar ya ci azurfa a Landan a 2012, lambar Olamfik ta farko da Afirka ta samu a wasan. Inès Boubakri ta Tunisiya ta ci tagulla a Riyo a 2016. A Faris a 2024 Fares Ferjani na Tunisiya ya ci azurfa a sabar, Mohamed El-Sayed na Masar ya ci tagulla a efe, Evann Girault kuma ya wakilci Nijar a sabar. Legas ta karɓi gasar Afirka a 2025, kuma a Dakar akwai makarantar horar da masu koyar da wasan da ta yaye kociyoyi daga ƙasashe da dama. Abin da ƙaramar ƙungiya ta fi rasa shi ne abokan karawa iri-iri da idon gwani, kuma a nan bidiyo yake rage nisa: a ɗauki karawa a tura wa ƙwararren koci a wani gari ya duba, a kuma zauna da yara a kalli manyan gasannin da hukumar wasan ta duniya, FIE, take sakawa a YouTube, ana tsayarwa kafin suka ana tambayarsu, "Ina za ta sauka?" Wannan shi ne gwajin Hagemann, da waya ɗaya.

Yaushe yaro zai fara koyon neman a duba bidiyo a gasa?

Duba bidiyon alƙalanci ya shiga Olamfik a 2008. A karawar sili-ɗaya-ƙwale ta maki 15, ɗan wasa yana da damar ƙorafi sau biyu, idan aka ga yana da gaskiya ba a rage masa, hukuncin ƙarshe kuma na alƙali ne. A ƙananan gasanni ba a cika samunsa ba, amma wanda ya doshi rukunin 'yan ƙasa da shekara 17 ko 20 na ƙasa da ƙasa ya kamata ya saba. Hanya mafi kyau ita ce a sa shi ya yi alƙalancin bidiyon abokansa, ya faɗi wanda ya fara farmaki da dalilinsa.

Bidiyon yaran, wa ke da iko da shi?

Iyaye. A nemi izininsu a rubuce kafin a ɗauka, a faɗa musu inda za a ajiye da wanda zai gani. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 tana buƙatar amincewar uba, uwa ko waliyyi kafin a sarrafa bayanan yaro, Turai ma tana da dokarta tun 2018. Kada a saka bidiyon kuskuren yaro a zauren WhatsApp na iyaye. Gilashin VR kuma yana da kyamarori da makirfo, wasu manhajojin suna haɗa mai wasa da baƙi, saboda haka a rufe wannan ƙofa a asusun yaro.

Ta yaya za mu gane ko abin yana aiki ga yaronmu?

Kada a auna da makin da na'urar take bayarwa, domin kowa yana ƙwarewa a abin da yake maimaitawa. A auna a fage. A zaɓi abu ɗaya, misali kare farmakin bahago. Kafin a fara, a ɗauki bidiyon yaron yana fuskantar farmaki ashirin daga mutum na gaske, a ƙirga nawa ya kare. A yi horon na mako shida ba tare da an rage darasin koci ba. A sake ɗauka da abokin karawa ɗaya, a wuri ɗaya, sannan a sake bayan mako biyu da daina horon, domin a ga ko abin ya zauna. A duba ƙafafunsa ma a bidiyon ƙarshe: idan kariya ta ƙaru amma ya daina ja da baya, a ajiye gilashin a koma kan taku, kamar yadda amsar abin da VR ba ya koyarwa ta yi gargaɗi.